Duwatsun Yustyna

Harasym Dutka ne ya kawo maganar, kuma duk maganar da Harasym ya kawo sai ka ɗaga ta ka duba ƙarƙashinta. Wata Lahadi bayan an tashi daga coci ya hau matakalar zauren taro, ya gyara wuyan riga, ya ce bana jiharmu ta Saskatchewan ta cika shekara hamsin, kowane ƙauye yana yin abin tunawa da mutanen farko. Don haka mu ma a Lanivka za mu gina hasumiyar duwatsu a gaban zaure, a buga littafin tarihi, bayan girbi a kira babban baƙo daga birni ya buɗe. Aka yi ta tafi. Ni ban yi ba, hannuwana suna kan sanda.

Wai mutanen farko! Harasym a shekarar 1912 ya zo, a cikin jirgin ƙasa, da takalmi a ƙafarsa, ya tarar da kanti da rijiya da masu yi masa sannu da zuwa. Amma in ka ji shi yana ba da labari sai ka rantse shi ya shimfiɗa ƙasar nan da tafin hannunsa. Ni Odarka, matar marigayi Onufry Bilyk, a 1903 na zo, a ƙasa, bayan keken shanun wani, ina da shekara goma sha tara. A cikin waɗanda suka ga Lanivka tun tana ciyawa ni kaɗai na rage da haƙora da hankali, su ma ba duka ba.

"Sharaɗi ɗaya ne," in ji Harasym. "Ba ma son dutsen jiya. Kowane gida ya ba da daga tsibinsa na fari, wanda iyaye suka tsince da hannunsu ranar da garma ta fara shiga ƙasa. Mai gansakuka muke so."

Ya kamata a ce tun a nan gabana ya faɗi. Bai faɗi ba. Ina can ina tunanin gwiwata da ke ciwo da miyar da na bari a kan wuta.

Ƙasar nan dai tana haifar duwatsu kamar yadda take haifar alkama. Duk shekara in ƙanƙara ta narke sai ka tarar ta turo sababbi, a bi a tsince, a tara a kusurwar gona. A gonarmu tsibi uku ne. Biyu suna kusurwa, inda ya dace. Na ukun yana tsakiyar fili, inda ba mai hankalin da zai tara dutse, kuma duk tsofaffin Lanivka sun san dalili kafin su mutu da saninsu. 'Yata ce a ƙarƙashinsa.

Da muka iso, aka nuna wa Onufry wani turken ƙarfe a cikin ciyawa aka ce daga nan zuwa can, eka ɗari da sittin, naka ne in ka iya. Muka haƙa rami, muka rufa shi da itace da ɓawon ƙasa, muka ce gida. Kaka na yi ya tafi aikin shimfiɗa layin dogo don mu sami abin sayen bijimi da garma, ya bar ni da ciki da buhun gari. Sanyin shekarar ba na son tuna shi. Da ba don Rosine Fayant ba da wani ne ke ba da labarin nan.

'Yan Metis ne, wato ruwa biyu, jinin 'yan asalin ƙasar da na Turawa, ita da mijinta Isidore. Sun riga 'yan safiyo masu awon ƙasa zuwa wurin, balle mu. Da aka yanka ƙasar aka raba wa baƙi, su ko taki ɗaya ba su samu ba, sai suka kafa bukka a kan siririn filin da aka ware don hanya, gabas da gonarmu, a gindin wata tsohuwar bishiya mai rassa biyu. Rosine ta lura hayaƙina ya yi kwana biyu bai tashi ba, ta ratso dusar ƙanƙara har gwiwa ta zo ta tarar da ni a kwance. Ba ta jin harshena, ba na jin nata. Ta hura wuta, ta dafa zomo, ta nuna mini yadda ake ɗana tarko da waya. Ita ta karɓi haihuwata a watan Maris.

Na sa wa yarinyar Yustyna. Kwananta goma sha ɗaya a duniya. Babu fada mai yin baftisma, babu coci, babu maƙabarta, ƙasa kuma ta daskare ko gatari ba ya cin ta. Isidore ya yi kwana biyu yana hura wuta a wuri ɗaya, ya haƙa kaɗan, ya sake hurawa. Ramin bai yi zurfi ba, ga karnukan daji suna yunwa, duwatsun fili kuma duk sun manne ba a iya ɓamɓaro ko ɗaya. Sai Rosine ta koma gida ta rushe murhunta, ta jawo duwatsun a kan fata, ta jera su a kan kabarin. Na wajen kai ja ne, gefensa ɗaya baƙi ƙirin saboda hayaƙi.

Onufry ya dawo ya tsaya a wurin, ya cire hula. Daga shekarar duk dutsen da ya tsinta a kusa sai ya ɗora a kai, har tsibin ya kai ƙugu. Da aka yi maƙabarta na nemi a mayar da ita can, fada ya ce ba a yi mata baftisma ba. Onufry ya ce a ƙyale ta, ai a gida take. Don haka duk Lahadin da ke bin Ista, ranar da kowa ke zuwa kan kabarin nasa da burodi da rinannen ƙwai da kyandir, a shimfiɗa ƙyalle a ci abinci tare da matattu, ni sai na taka har tsakiyar gona. Fiye da shekara hamsin ban fasa ba. A wannan shekarar ma na je, na zauna, na gaya mata gwiwata ta ƙi.

Autana Trofym ke noma gonar. Ba mugu ba ne, gara in faɗa tun yanzu, don nan gaba ba zan sami bakin faɗa ba. Amma tun da ya sayi tarakta tsibin ya tsone masa ido.

"Inna, kullum sai na yi kwana saboda tsibin nan, layina ya karkace."

"Ubanka shekara arba'in yana kewaya shi da shanu, ban taɓa jin ya karkace ba."

"Shanu ba sa shan mai."

"Kai ma ba mai ka sha ka girma ba, ja'iri."

Sai ya yi dariya, ni ma in yi. Na ɗauka wasa muke.

A watan Mayu 'yata Tekla ta kwanta asibiti a Saskatoon, na je na yi mako uku ina kula da 'ya'yanta. Ranar da na dawo Trofym ya ɗauko ni a tasha. Mutumin da sai ka matse shi yake magana, ran nan bakinsa bai rufu ba: farashin iri, saniyar maƙwabci, rabon da a yi ruwa kwana goma. Da muka iso mararraba sai ya karya hagu, ya bi ta doguwar hanya.

"Me ya sa muka bi ta nan?"

"Waccan taɓo."

"Ba yanzu ka ce kwana goma ba a yi ruwa ba?"

Ya ƙara wa motar wuta. Ban sake tambaya ba. Muna isa, ko akwati ban shigar ba na ɗauki sandata na zaga bayan rumbu. Gonar tana nan a shimfiɗe daga shinge har titi, rabin mil, alkama ta tsiro kore shar, layi a miƙe sambal daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ban taɓa ganin layi mai kyau haka a gonarmu ba, kuma ban taɓa ganin abin da na tsana kamarsa ba.

Ya biyo ni ya tsaya a bayana, yana murza hula.

"Trofym, ina yayarka?"

"Inna, wallahi ba na nan suka zo. Na kai injin shuka gyara. Harasym ya turo babbar mota da mutum huɗu, suka bi gona-gona. Yawancin mutane tsibinsu na fari tuni sun zuba shi a titi ko a harsashin rumbu. Da suka zo nan suka ga namu da gansakuka har ƙasa, sai suka kwashe. Sawu uku suka yi."

"Na ji. Su jakai ne, an aike su. Kai da ka dawo fa?"

"Na tarar da wuri fili."

"Sai ka yi me?"

"Inna, lokacin shuka yana wucewa."

"Ka kafa sanda?"

Ya ci gaba da murza hular.

"Ko tsinke? Ko tsohon takalminka ka ajiye?"

"Na ce in na gama zan dawo in sa alama. Ai na san wurin. Shekara nawa ina kewaya shi."

"To zo ka nuna mini."

Muka shiga cikin alkamar, yana gaba ina biye. Ya yi tafiya ya tsaya, ya dubi rumbu, ya dubi titi, ya ce nan ne. Sai ya ƙara taku ashirin ya ce a'a, nan ne. Ya koma gefe. Ya yi haro ya baje ƙasar sau biyu kafin ya shuka, ko ɗan tudu bai bari ba. Ina kallonsa yana dawurwuri kamar kazar da aka ɗauke wa akurki, na buɗe baki zan zage shi, sai na ga ni ma ban sani ba. Duk shekarun nan wurin duwatsun nake zuwa. Idona yana kansu tun daga ƙofar gida, ban taɓa ƙirga taku ba, ban taɓa daidaita su da komai ba. Tsohon raminmu an cike shi tun kafin yaƙi, tsohon shinge an tuge. A filin nan babu abin da ido zai kama.

Washegari na tafi zaure. Hasumiyar ta kusa tsayin mutum biyu, Harasym yana tsaye da riga fara yana nuna wa magina yadda ake riƙe cokalin siminti, shi da bai taɓa riƙe abin da ya fi alƙalami nauyi ba. Na zaga ta sau ɗaya. A gefen da ke kallon titi, daidai ƙirjina, ga jan dutsen, baƙin gefen a waje.

"Iya Odarka! Sannu da dawowa. Na ji abin da ya faru, wallahi ban ji daɗi ba. Yaran zamani ne, ba su san komai ba."

"Kai ka sani?"

"Na taɓa ji, amma ya kwanta mini. To amma ki duba ta wani gefen, Iya. Rabin hasumiyar nan daga gonarku ne. Babu gidan da ya kai ku. 'Yarki ta shiga tarihi."

"'Yata tana cikin alkama, Harasym. Duwatsun ne suka shiga tarihi, kuma ko su ba namu ba ne."

"Na wa ne?"

"Murhun Rosine Fayant ne ka liƙe da siminti."

Ya yi 'yar dariya, ya waiga ko magina sun ji. Sannan ya zaro takarda daga aljihu, wai don ya sanyaya mini rai, ya karanta mini abin da aka zuba a allon tagullar da za a manna: sunayen masu takardar gona talatin da shida, maza zalla, a ƙarƙashi kuma an rubuta, Ga waɗanda suka tarar da ƙasar nan ba kowa, suka raya ta.

"Ba kowa?"

"Haka ake rubutawa, Iya. Duk ƙauyuka haka suka sa."

Na tofar da yawu kusa da takalminsa. Ban same shi ba, tsufa ya rage mini saiti.

Ni ba duwatsu nake nema ba, wurin nake nema. Kuma a duniya mutum ɗaya ce ta rage da ta tsaya tare da ni ranar. Sai dai kafin in kai ku wurinta akwai abin da na tsallake, kuma da gangan na tsallake shi.

A 1949, shekara uku bayan rasuwar Onufry, Harasym ɗin nan ya zaga gida-gida da takardar koke. Wai mutanen bakin hanya, su Rosine ke nan, suna satar kaji, 'ya'yansu suna da ƙwarƙwata, ba sa biyan haraji, kuma sun tare inda za a yi titi. Ya ce za a kai su arewa a ba su ƙasa mai kyau tasu ta kansu. Bai yarda da maganar ba, ni ma ban yarda ba. Shekara arba'in su Isidore ke tsince mana duwatsu a kan ladan da ko kare zai raina, kazata ko ɗaya ba ta taɓa ɓata ba. Amma na duba takardar na ga kowa ya sa hannu, na ce in ni kaɗai na ƙi za a ce tsohuwar nan ta fara ruɗewa. Ban iya rubutu ba, sai na zana gicciye. Bayan wata biyu aka zo da motoci aka kwashe su, kuma tun ba su ɓace daga gani ba aka cinna wa bukkokin wuta. Ina tsakar gida ina shanya, na ga hayaƙin, na ci gaba da shanyata.

Na sa Trofym ya yi tambaya. Aka ce Isidore ya rasu a arewa a sanyin farko, Rosine kuma ta dawo, tana wurin jikarta a bayan tashar jirgi, a wani gari mil arba'in daga nan. Wata Asabar a watan Yuni ya kai ni. Na tafi da burodi biyu da tulun zuma, ina jin kunyar su tun daga gida.

Muka tarar da ita zaune a ƙofar wani ɗaki na katako da kwali, tana shan lofe. Idanunta sun yi fari. Ta karkata kai tana sauraron takuna, sannan ta yi magana da irin Turancinmu na da, wanda muka haɗa da hannu da ƙafa.

"Wannan jan ƙafar na san shi. Matar Onufry."

"Ni ce, Yaya."

"Ba ki mutu ba."

"Ke ma."

"Ina jira in ga wa zai riga wani. Wane ne wannan yake numfashi kamar bijimi?"

"Trofym ne."

"Wanda ya fito ta ƙafa? Ka ba ni wuya, yaro. Zauna."

Jikarta ta kawo shayi. Na faɗa mata komai, ban rage ba: motar, tarakta, hasumiyar, jan dutsen. Da na zo kan allon tagulla sai ta ƙyalƙyale da dariya har tari ya sarƙe ta.

"Murhuna a gaban zaure! Ni da ban taɓa shiga zauren ba. To ya yi kyau, ko ɗayanmu ya samu wuri."

"Yaya, wurin nake nema. Kin tuna?"

"Na tuna mana. Isidore ya ƙirga. Ya ce yarinyar nan baƙuwa ce, in dusar ƙanƙara ta rufe duwatsun ba za ta gane ba, sai ya ƙirga don ya riƙa nuna miki. Taku ɗari biyu da goma sha huɗu, ki sa mafaɗar rana a goshinki, kada ki karkata."

Allah ya sani, ji na yi kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ƙirji. Trofym ya zaro fensir ya rubuta a bayan kwalin taba.

"Daga ina za mu fara ƙirgawa, Iya?"

"Daga gindin bishiyar. Ka jingina bayanka tsakanin rassan biyu."

Fensirin ya tsaya. Ni kuwa na dubi cikin kofina.

"Iya, bishiyar babu ita," in ji Trofym.

"Au? Ina ta tafi?"

Ta zuƙi lofenta a hankali.

"Na ga lokacin da ta kama da wuta. Ina bayan mota, a lokacin ina da ido. Reshen dama ne ya fara. Na ce ko kututturen ya rage."

"An tumɓuke, an yi titi. Mil biyu a miƙe, da lambatu hagu da dama."

"To. Ni daga nan na iya ƙirgawa."

"Ko mu ɗauke ki a mota ki duba?" in ji ni.

"Da wane idon? Kuma in tsaya a ina, a gonarku?" Ta juyo da fuskarta daidai inda nake, kamar tana gani. "An ce har da hannunki a takardar."

"Har da shi."

"Ke da ba ki iya rubutu ba."

"Gicciye na yi."

"Gicciye." Ta gyaɗa kai. "Sha shayinki kafin ya huce."

Na shanye shi tas. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma ce ta yafe ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Da za mu tafi ta karɓi zumar ta ce a mayar da burodin, haƙoranta sun ƙare.

Mun gwada. Trofym ya tsaya a bakin titi wuri biyar dabam-dabam yana ƙirga taku zuwa yamma, ni ina tuna masa Isidore dogo ne. Abin da muka samu layi ne mai tsawon taku ɗari, ba wuri ba. Ya ce in na yarda bayan girbi zai bi layin da shebur. Na ce ba za a yi ta saran ƙasa ana neman 'yata kamar dankali ba, kuma jaririyar kwana goma sha ɗaya me ya rage da shebur zai gane. Daga ranar muka daina maganar. Alkama kuwa ta yi kyan da ba ta taɓa yi ba.

Ana saura mako ɗaya biki Harasym ya zo har gida. Wata sabuwar dabara ta faɗo masa. Za a tari babban baƙo da burodi da gishiri yadda aka gada, kuma ba kowane burodi ba: na sabuwar alkamar gonar farko, wato tamu. Trofym ya riga ya ba da buhu, an kai injin niƙa, mata suna kwaɓi. Saura mai riƙewa, kuma wa ya fi cancanta in ba Iya Odarka ba?

Na dubi Trofym. Ya ce, "Daga can gefen shinge na ɗiba, Inna."

"Injin girbinka yana ware gefe da tsakiya?"

Ya sunkuyar da kai. Harasym yana ta murmushi, bai ma gane me muke cewa ba, ko ya gane ya ga ba ya cikin tsarin biki.

Na ce, "Zan riƙe."

Ranar Lahadi da hantsi duk Lanivka ta hallara. Jikokin mutanen da suka kwana a rami sun saka rigunan surfani na kakanninsu, waɗanda a ranar aiki suke jin kunyar a gan su da su. Wani ya kawo tsohuwar garmar katako ya shafa mata fenti ja. Aka yi waƙa, aka yi addu'a, Harasym ya yi jawabin minti arba'in a kan wahalar da muka sha, har da hawaye. Aka janye ƙyalle daga allon, aka yi tafi. Ni ina tsaye a gindin hasumiyar, jan dutsen yana daidai kafaɗata, burodin yana kan farin ƙyalle a hannuwana, ƙato, mai kitso uku, da ɗan kwanon gishiri a tsakiya. Ƙamshinsa yana hawa mini kai.

Baƙon wani ɗan Ingilishi ne mai jan wuya, ba ya jin ko kalma ɗaya ta harshenmu. Ya gutsura, ya dangwala gishiri, ya kai baki. Aka bi layi yadda aka saba, manya su fara: fada, Harasym, 'yan kwamiti, sannan masu sunan gona. Na jira har Trofym ya gutsura ya sa a baki. Sannan na ɗaga murya da harshenmu, yadda har na bayan shinge za su ji.

"Ku ci. Sunanta Yustyna. Kwananta goma sha ɗaya. Tana cikin gonar da aka yanko alkamar nan, ban san a ina ba. Matar da ta rufe ta da duwatsun nan mun ƙone mata gida, har da hannuna. Ku ci, ya yi daɗi."

Wuri ya yi tsit, har kana jin tutar zaure tana kaɗawa. Baƙon ya dubi Harasym yana murmushi, yana taunawa, ya tambaya me tsohuwar ta ce. Harasym ko ƙifta ido bai yi ba. Ya ce masa da Turanci, "Ta ce barka da zuwa, da sunan mutanen farko."

Baƙon ya yi tafi. Wasu suka bi shi, da farko biyu-uku, sannan da yawa, don tafi ya fi shiru sauƙi. Haka kuma aka rubuta a littafin tarihin, shafi na tara, da hotona.

Trofym bai yi tafi ba. Yana tsaye taku biyu daga gare ni, lomar tana cikin kumatunsa, idanunsa sun kaɗa. Ya dubi ƙasa ko zai tofar, ya ga mutane kewaye da shi da takalman biki. Ya dube ni. Ban kawar da kai ba. Na tsaya da sauran burodin a hannuna ina kallonsa har sai da ya haɗiye.